Shekara uku ina shan omeprazole: in ci gaba ko in daina?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Ni direban motar haya ne, shekarata 44. Kusan shekara uku ke nan ina fama da olsa, ƙirjina da saman cibiyata su riƙa zafi, musamman da dare. Mai kemis ne ya ba ni omeprazole, kuma gaskiya na ji daɗinsa, sai dai in na yi kwana biyu ban sha ba ciwon ya dawo. Yanzu kullum sai na sha, wani lokaci har sau biyu, in haɗa da farin nan na ruwa. Ina kuma shan haɗin maganin ciwon baya saboda zaman mota. Kwanan nan na ji ana cewa omeprazole yana kashe ƙoda, wasu kuma sun ce olsa ba ta warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa. Don Allah in ci gaba da sha ko in daina? Kuma yaya zan yi da azumi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya, ya kuma tsare hanya.

In na fahimce ka daidai, ka samu maganin da yake kwantar maka da ciwo amma ya kasa raba ka da shi, ga kuma fargabar kada garin neman gira a rasa ido. Gajeriyar amsa ita ce kada ka yanke maganin dare ɗaya, kada kuma ka ƙara wata shekarar kana shan sa a haka. Omeprazole yana cikin magungunan da suka fi amfani a hannunmu, da wuya ranar aiki ta wuce ban rubuta shi ba. Amma ana rubuta shi ne don cutar da aka gane, na adadin makonnin da aka ƙayyade. Abin da ya dame ni a labarinka shi ne shekara uku cur ana rage maka asid, ba wanda ya tsaya ya binciki dalilin da ya sa yake ƙona ka, alhali kowa yana da shi a cikinsa. Tun yanzu kuma zan gaya maka, a duk abin da ka lissafa, haɗin maganin ciwon bayan nan ya fi tayar mini da hankali a kan omeprazole.

Asid ɗin da ake ragewa

Tumbin babban mutum yana fitar da ruwa kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace rana, kuma a cikin ruwan akwai asid mai ƙarfin gaske. Ba cuta ba ne. Shi ne yake fara narkar da nama da sauran abinci masu gina jiki, yana kashe da yawa daga ƙwayoyin cutar da muke haɗiya, yana kuma taimaka wa jiki ya tatsi sinadarin ƙarfe da bitamin B12 daga abinci. Abin da ya hana tumbi narkar da kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa, da sinadarin da ke kashe kaifin asid a ƙarƙashin yauƙin, da isasshen jinin da ke zagayawa yana gyara duk inda ya ƙuje. Gyambo, wato olsa ta gaske, yana fitowa ne idan wannan kariya ta samu ɓaraka. Da yawa daga masu gyambon tumbi asid ɗinsu bai fi na kowa yawa ba.

Magungunan da ake amfani da su kashi uku ne. Na farko su ne irin farin nan na ruwa da kake sha, Mist Mag da Gestid da ire-irensu, da ƙwayoyin da ake taunawa. Su asid ɗin da ya riga ya taru a tumbi suke kashe wa kaifi. Cikin 'yan mintoci mutum zai ji sanyi, amma bayan awa ɗaya ko biyu aikinsu ya ƙare. Masu magnesiyam suna sa gudawa, masu aluminiyam suna sa bushewar ciki, shi ya sa ake yawan haɗa su a kwalba ɗaya. Gaviscon ya ɗan bambanta, yana yin kumfa mai kauri ya hau saman abincin da ke tumbi ya tare shi daga tasowa, don haka bayan cin abinci da lokacin kwanciya ake shan sa.

Kashi na biyu su ne cimetidine da famotidine da ranitidine. Waɗannan suna toshe ɗaya daga cikin saƙonnin da ke umartar tumbi ya fitar da asid. Lokacin da cimetidine ya fito a Ingila a 1976, ya canza aikin likita gaba ɗaya, domin kafin nan tiyata ce makomar masu gyambon da ya ƙi ji, a yanke jijiyar tumbi ko a cire wani sashensa. James Black, wanda ya jagoranci aikin da ya kai ga samar da shi, ya samu kyautar Nobel a 1988. Rauninsu shi ne jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni ƙarfinsu ya ragu. Cimetidine kuma yana cin karo da wasu magunguna kamar warfarin da phenytoin na farfaɗiya, yana iya kumbura wa namiji nono in an daɗe ana sha. Ranitidine kuwa an janye shi daga kasuwa a Amurka da Turai a 2020 saboda an samu wani gurɓataccen sinadari a cikinsa da ake zargi da haddasa daji. Wanda ya ga ragowarsa a kanti ya bar shi.

Kashi na uku shi ne dangin da naka yake ciki: omeprazole, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin ya shiga kasuwa a 1988, da esomeprazole, da rabeprazole, da pantoprazole, da lansoprazole. A bangon tumbi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin famfuna da suke turo asid, waɗannan magunguna su suke kashewa. Na ruwa kamar goge ruwan da ya zube a ƙasa ne, omeprazole kuwa ƙulle famfon ne. Famfon da ya kama ba ya sake aiki sai jiki ya ƙera sabo, shi ya sa kafso ɗaya yake riƙe mutum yini guda duk da cewa maganin ba ya wuce 'yan awanni a cikin jini.

A nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Maganin ba ya kama famfon da ke hutawa, sai wanda ya tashi aiki, kuma abinci ne yake tayar da su. Don haka lokacin shan sa shi ne minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, yadda zai isa jini daidai lokacin da abinci ya sauka. Wanda yake haɗiyar sa bayan ya ƙoshi, ko tsakar dare lokacin da ciwo ya tashe shi, rabin amfaninsa kawai yake samu. Ba a tauna shi, ba a niƙa 'yan ƙwayoyin da ke cikin kafson, domin an lulluɓe su ne don su tsallake tumbi su narke a hanji. Kuma ba maganin nan take ba ne, sai ya yi kwana uku zuwa biyar kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Na sha ganin wanda ya zo yana cewa sau ɗaya ba ya yi masa, da aka gyara masa lokacin sha kawai sai ya koma sau ɗayan.

Me ake warkarwa a cikinka?

A wajenmu duk zafin da ya tashi tsakanin ƙirji da cibiya olsa ne, amma in aka zura na'urar leƙa ciki, mafi yawan masu wannan kuka ba a samun gyambo a cikinsu. Wasu ƙwannafi ne: ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi ta yi sanyi, asid yana tasowa sama inda babu kariya. Wasu tumbinsu ne ya yi ja ya kumbura ba tare da rami ba. Wasu kuma, kuma suna da yawa, ba a ganin komai, tumbin ne yake saurin jin zafi ko yake jinkirin sauke abinci, sau da yawa tare da damuwa da rashin barci. Duk waɗannan omeprazole yana iya ba su sauƙi, don haka jin daɗin maganin ba ya nuna wace cuta ce ke damunka. Hoton sikanin ma ba ya nuna gyambo, amfaninsa a nan shi ne duba hanta da matsarmama.

Yadda ka kwatanta naka, zafin ƙirji da yake tsananta da dare, ya fi kama da ƙwannafi, wataƙila tare da ƙunar da maganin ciwon baya yake yi wa tumbi. Hasashe ne daga nesa, ban taɓa cikinka ba, ban ga idonka ba.

Idan kuwa gyambo ne na gaske, to kusan kullum ɗayan abu biyu ne ya jawo shi, ko duka biyun.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta suka raine ta a ɗakin gwaji a 1982, a lokacin da kowa ya yarda babu abin da zai rayu a cikin asid ɗin tumbi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ana kamuwa da ita tun ana yara, ta baki, ta ruwan sha da cunkoson gida, kuma a ƙasashenmu mafi yawan manya suna ɗauke da ita. Yawancinsu ba ta yi musu komai har su tsufa, kusan ɗaya cikin goma ne take yi wa gyambo, kaɗan kuma take kai su ga dajin tumbi, abin da ya sa hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin masu haddasa daji tun 1994.

Daga nan maganar "olsa ba ta warkewa" ta samo asali. In aka ba mai gyambo omeprazole shi kaɗai, ramin zai rufe, na farkon ƙaramin hanji cikin mako huɗu, na tumbi cikin mako takwas. Amma ƙwayar tana nan, kuma fiye da rabin irin waɗannan mutane gyambon yana dawo musu kafin shekara ta zagayo. In aka kashe ƙwayar, waɗanda yake dawo wa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Olsa tana warkewa sarai, kuma ina jin zafin yadda wannan magana take sa mutane su sallama, su hana kansu tuwo da miya da goro da azumi shekara da shekaru a kan cutar da maganin mako biyu yake iya rabawa da ita.

Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, aspirin, har da garin maganin ciwon kai na ƙananan ledoji wanda aspirin ne a ciki. Yadda suke kashe ciwo shi ne su hana jiki yin wani sinadari da ke jawo zafi da kumburi, sai dai kuma wannan sinadarin ne yake sa tumbi ya yi yauƙin kariyarsa, shi ne kuma yake buɗe hanyoyin jini a ƙoda. Ta cikin jini suke wannan ɓarna, don haka allurar diclofenac ma tana yi, shan su bayan cin abinci ma bai hana ba. Haɗin da ake ƙulla wa direbobi da leburori a leda sau da yawa yana ɗauke da biyu daga cikinsu a lokaci guda, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone, kuma wannan gamin yana ninka haɗarin zubar jini. Mafi yawan waɗanda na gani an kawo su suna aman jini, in aka bi diddigi, irin wannan ledar ake tararwa a aljihunsu. Abin tsoron shi ne gyambon da suke jawowa yakan zo shiru, domin maganin da ya haƙa ramin shi ne kuma yake ɓoye zafinsa.

Mai yiwuwa ma omeprazole ɗin da kake tsoro shi ne ya kare ka tsawon wannan lokaci. Mu ma in dole ta sa muka ɗora mai haɗari a kan irin waɗannan magunguna, da gangan muke haɗa masa da omeprazole. Saboda haka jerin aikin yana da muhimmanci: haɗin ciwon baya za a fara ajiyewa, sannan a zo kan rage omeprazole. Ka kai ledar wa likita ko ƙwararren mai haɗa magani ya ga abin da ke ciki, domin in akwai dexamethasone ko prednisolone kuma ka daɗe kana sha kullum, shi ma a hankali ake sauka daga kansa. Don bayan naka, paracetamol ba ya taɓa tumbi in an tsaya kan ƙa'ida, man diclofenac na shafawa kaɗan ne yake shiga jini, sannan gyaran kujera, da 'yar matashi a ƙugu, da saukowa a miƙe jiki duk bayan awa biyu suna yin abin da ba a zato.

Gwaji da magani

Gwajin da na fi so a yi maka shi ne na bayan gida, wanda ke neman alamar ƙwayar Helicobacter pylori kanta, ko na numfashi inda ake da shi. Na jini shi ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji, amma yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, kuma yakan ci gaba da nunawa shekaru bayan an kashe ta. Na ga mutanen da aka yi ta maimaita musu magani saboda gwajin jini ya ƙi canzawa, alhali ba zai canza ba. Sharaɗin gwajin bayan gida shi ne a ajiye omeprazole mako biyu kafin a yi, a kuma tabbata an yi mako huɗu ba a sha antibayotik ba, in ba haka ba ƙwayar takan lafa gwaji ya ce babu. A cikin mako biyun nan na ruwa da Gaviscon za su riƙe ka, ba sa ɓata sakamako.

In an same ta, ana haɗa omeprazole ko ɗan'uwansa sau biyu a rana da antibayotik biyu, tsawon kwana 14. Haɗin da aka fi sani shi ne amoxicillin da clarithromycin. Akwai na huɗu-huɗu mai bismuth da tetracycline da metronidazole, wanda ake komawa gare shi in na farko ya gaza, ko ga wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin. Aikin omeprazole a nan shi ne sassauta asid don antibayotik ɗin su samu damar yin aiki. Kada ka haɗa wa kanka. Ƙwayar ta fara gagarar clarithromycin a wurare da yawa, metronidazole kuwa, wato Flagyl, an sha shi a kan kowace gudawa har ƙwayar ta saba da shi a yawancin Afirka. Magungunan suna sa ɗacin baki da tashin zuciya da sakin ciki, kuma a rana ta biyar mutum yakan ji ya warke ya ajiye saura. Wanda ya yi haka ya bar ƙwayoyin da suka fi taurin kai, zagaye na biyu kuma ya fi wuya ya fi tsada. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu a sake gwajin bayan gida a tabbatar ta mutu.

Mutumin da ya shekara uku yana fama, kuma ciwo yana dawowa da zarar ya daina magani, ya cancanci a leƙa cikinsa da na'ura ko da sau ɗaya ne. Ana yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma aikin 'yan mintoci ne. In an ga gyambo a tumbi ana ɗibar ɗan nama a auna, a kuma sake leƙawa bayan mako shida zuwa takwas, domin dajin tumbi yana iya shigar gyambo, har ya yi kamar yana warkewa in an rage asid.

In kuwa ƙwannafi ne, magani na mako huɗu zuwa takwas yana warkar da ƙunar, amma ba ya ɗaure ƙofar da ta saki, don haka dawowarsa ba abin mamaki ba ne. A nan halin rayuwa yake shigowa, kuma sana'arka tana da nata: a yini ba a ci ba sai goro da shayi, a sauke fasinja da dare a cika ciki a kwanta nan take. Ka bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, tara matasai ba ya yi domin lanƙwasa ciki yake. Kwanciya a gefen hagu ta fi sauƙi ga mai ƙwannafi. In akwai teɓa a rage, in ana shan sigari a bari, don tana sassauta ƙofar tana kuma jinkirta warkewar gyambo. Yaji da mai da tsami ba sa haƙa gyambo, suna dai tsokanar wurin da ya riga ya ƙuje, sai kowa ya lura da wanda yake tayar masa ya rage shi, ba a hana mutum komai da komai. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci sannan ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Jiƙon kanwa yana kashe ƙwannafi da gaske, amma gishirin da ke cikinta yana da yawa, mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda ya nisance ta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa a lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Maganar ƙoda

Akwai ƙamshin gaskiya a abin da ka ji, amma an zuzuta shi. Wasu 'yan tsiraru jikinsu yana ƙin maganin ƙodarsu ta kumbura, kuma in an gane da wuri aka daina yawanci tana farfaɗowa. Bayan wannan, binciken da aka yi ta hanyar duba bayanan dubban marasa lafiya ya nuna masu daɗewa a kan waɗannan magunguna sun ɗan fi samun ciwon ƙoda da karayar ƙashi. Sai dai masu shan su da ma sun fi tsufa, sun fi yawan cututtuka, sun fi shan wasu magunguna, don haka irin wannan bincike ba ya iya rarrabe mai laifi. Da aka yi babban gwaji da mutum sama da 17,000, rabi suna shan pantoprazole rabi suna shan na bogi har kimanin shekara uku, sakamakon da aka fitar a 2019 bai nuna ƙarin wata cuta a fili ba sai ɗan ƙarin cututtukan hanji masu sa gudawa. Wannan kuwa ya dace da hankali, tunda an rage asid ɗin da ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma ga mai cin abincin tasha yana shan ruwan da ya samu a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Daɗewa a kansa yana kuma iya rage magnesiyam da bitamin B12 da sinadarin ƙarfe a jiki. Diclofenac da 'yan'uwansa kuwa ɓarnarsu ga ƙoda tabbatacciya ce, musamman ga wanda ke yini cikin zafi yana gumi bai sha ruwa sosai ba. Ka nemi a auna maka aikin ƙoda, da yawan jini, da hawan jini, da suga, hankalinka zai kwanta a kan hujja.

Dawowar ciwo bayan kwana biyu ma tana da bayani. In aka daɗe ana danne asid, jiki yana ƙara yawan saƙon da ke neman sa, ranar da aka saki sai ya fito fiye da da. A Denmak a 2009 an ba mutane masu lafiya ƙalau esomeprazole na mako takwas, da aka janye sai kusan rabinsu suka fara ƙwannafi da zafin ciki, abin da ba su da shi a da. Wannan tasowa takan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Yadda nake saukar da mutane shi ne daga sau biyu a koma sau ɗaya na wasu makonni, sannan a rage ƙarfin ƙwayar ko a koma yau a sha gobe a huta, a riƙa cike giɓin da na ruwa ko famotidine, har a kai ga sha sai ranar da ake buƙata. Akwai waɗanda ba ma saukarwa: wanda bututun abincinsa ya ƙone sosai ko ya tsuke, da wanda ya taɓa zubar jini kuma dole ya ci gaba da aspirin saboda zuciya. Su amfanin ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba.

Ka kuma gaya wa likita duk maganin da kake sha. Na ruwa yana kama ciprofloxacin da doxycycline da maganin ƙarin jini a cikin hanji ya hana su shiga jiki, sai an raba su da awanni. Masu shan maganin HIV mai dolutegravir su sha nasu awa biyu kafin na ruwa ko awa shida bayansa, masu shan atazanavir kuwa omeprazole yana karya musu magani. Mai shan clopidogrel an fi so a ba shi pantoprazole maimakon omeprazole. Mai ciwon ƙoda kada ya riƙa shan na ruwa sai da izinin likita.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Aman jini ko amai baƙi, bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi da wari, jiri da ɗashewar ido, rama ba dalili, abinci yana tsayawa a ƙirji, amai kullum bayan cin abinci, ko ƙullutu a ciki. Maganin ƙarin jini da bismuth ma suna baƙanta bayan gida, amma in ba ka shan su, baƙin bayan gida jini ne. Ciwon da ya sara farat ɗaya ciki ya sandare yana nuna gyambo ya huda, aikin tiyata ne na gaggawa. Zafin ƙirji mai danna mutum, da gumi, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, musamman in an yi aikin ƙarfi, zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba. Ciwon hanta nau'in B ma yana da yawa a yankinmu, kuma na ga waɗanda suka daɗe suna shan maganin olsa alhali hanta ce take kumbura, don haka in ba a taɓa yi maka gwajinsa ba a haɗa da shi.

Azumi

Azumi ba ya haifar da gyambo, kuma mafi yawan masu ƙwannafi da waɗanda gyambonsu ya warke suna yin sa lafiya. Ka tashi da wuri ka sha kafson minti 30 kafin sahur. In likita ya ce sau biyu, ka buɗe baki da ruwa da dabino, ka sha na biyun, ka je sallar magariba, in ka dawo ka ci abinci. Abin da ke wahalar da mutane yawanci ba yunwar rana ba ce, cika ciki ne da ƙosai da soye-soye da lemo mai gas a lokaci guda, da komawa barci da zarar an gama sahur. Ka raba abincin gida biyu ko uku tsakanin magariba da sahur, ka yawaita ruwa, kada ka kuskura ka sha diclofenac da sahur don bayanka ya riƙe ka yini. In za a yi maganin kashe ƙwayar Helicobacter pylori, ya fi kyau a gama shi tun Sha'aban.

Wanda aka leƙa aka ga gyambo ɗanye, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida kwanan nan, shawarata gare shi ya ajiye azumi har ramin ya rufe, domin a wannan hali zubar jini da hudawa sun fi kusa. Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma mako huɗu zuwa takwas na magani yawanci sun isa a kai ga ramuwar. Allah ya ƙara sauƙi, Malam.